Ciwon Mara Mai Hana Sukuni: Tambayoyi da Amsoshi Kan Endometiriyosis

Akwai ciwon da miliyoyin mata ke ɗauke da shi shekara da shekaru ba su ko san sunansa ba. Duk inda suka kai kuka amsar ɗaya ce: ciwon al'ada ne, kowace mace na yi, a yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa suna da endometiriyosis, wato kimanin mutum miliyan 190. Ga tambayoyin da suka fi damun masu fama da shi da iyalansu.

Mene ne endometiriyosis?

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata don jiran ciki. Idan ciki bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. Endometiriyosis shi ne a sami nama mai kama da wannan shimfiɗar ya tsiro a wajen mahaifa, inda ba muhallinsa ba: a kan gidan ƙwai, a bututun ƙwai, a tantanin da ya lulluɓe cikin mara, a bayan mahaifa kusa da dubura, a jikin hanji ko mafitsara. Jefi-jefi akan same shi a tabon tiyatar haihuwa, a cibiya, har ma a tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Wannan naman yana jin kiran sinadarin istirojin, wanda gidan ƙwai ke fitarwa, kamar yadda na cikin mahaifa ke ji. Yana kumbura, yana tsattsafo da jini, amma ba shi da hanyar fita. Sai wurin ya yi kumburi, ya yi tabo, a hankali kayan ciki su fara mannewa da juna da wasu zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo. Likitan da ya leƙa da kyamara yakan ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ko jajaye, ko farare, wani lokaci gidan ƙwai ya lafe a bayan mahaifa ba ya ko motsi.

Iri uku ne. Akwai na sama-sama da ke kan tantani, shi ya fi yawa. Akwai wanda ke yin ƙullutu a cikin gidan ƙwai, cike da tsohon jini mai kauri da duhu, ana kiran sa endometiriyoma. Sai mai zurfi, wanda ya nutsa fiye da milimita 5 a ƙarƙashin tantani, ya kama hanji, mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda.

Ai kowace mace na ciwon mara lokacin al'ada. Yaya zan gane nawa ya wuce ƙa'ida?

Ciwon al'ada na yau da kullum yakan zo kwana ɗaya ko biyu, a sha magani ya lafa, mace ta ci gaba da harkokinta. Wanda ya kamata a bincika shi ne wanda ke tsayar da rayuwa. Yarinya ta daina zuwa makaranta kwana uku duk wata. Mace ta duƙunƙune a ƙasa, gwiwa a ƙirji, gumi na keto mata, tana amai, magani ya ƙi ci. Wata kuwa ta saba gasa mararta da robar ruwan zafi har fatar wurin ta yi dabbare-dabbare.

Ba lokacin al'ada kaɗai ba. Ciwon yakan fara kwanaki kafin jini ya zo, ya zarce bayan ya ɗauke, ya sauka baya da cinyoyi. Akwai zafi can ciki lokacin saduwa ko bayanta. Akwai zafin bayan gida ko na fitsari da ke tsananta idan ana al'ada, wani lokaci da jini a ciki. Ciki ya kumbura ya yi tauri, gudawa da taurin bayan gida su riƙa karɓa-karɓa, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Wasu ma kafaɗarsu ta dama ke ciwo duk wata, alamar naman ya kai sama. Wasu kuma ba sa jin komai, sai an je neman dalilin rashin haihuwa a gano shi.

Abin lura shi ne maimaituwa. Duk wata damuwa da ke zuwa tare da al'ada ta tafi tare da ita, ko a wane sashe na jiki take, ki faɗa wa likita.

Me ke kawo shi? Wani abu na yi?

Ba ki yi komai ba. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a ɗaukar sa ta saduwa ko a banɗaki, ba kuma sakamakon jinkirin aure ko shan maganin tazarar haihuwa ba ne.

Masana ba su tsaya kan dalili guda ba. Bayanin da ya fi shahara shi ne na wani likitan mata ɗan Amurka, John Sampson, wanda a 1927 ya ce wani ɓangare na jinin al'ada yakan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su kama wuri su tsiro. Sai dai wannan komawar jinin tana faruwa ga mafi yawan mata, kusan 9 cikin 10, kuma yawancinsu ba sa kamuwa. Ke nan akwai ƙarin wani abu: garkuwar jikin da ta kasa share su, yawan istirojin, ko wasu ƙwayoyin halitta da ke rikiɗewa tun asali.

Gado yana da hannu sosai. Wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta jini ke da shi ta fi sauran mata yiwuwar samu, kuma binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga gado yake. A nan ne abin ke da ban tausayi: uwar da ta sha wannan azabar ta ɗauka haka al'ada take, sai ta gaya wa 'yarta da zuciya ɗaya cewa ita ma haka ta yi.

An sha ce min ciwon sanyi ne, na sha magani har na gaji. Ɗaya suke?

Ba ɗaya ba ne. Ciwon sanyi na mara ƙwayoyin cuta ke kawo shi, yakan zo da fitar ruwa mai wari ko zazzaɓi, kuma yana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Endometiriyosis ba ƙwayar cuta ba ce, don haka ko kwali nawa aka shanye ba zai taɓa shi ba. Idan an ba ki maganin sanyi sau biyu, sau uku, ciwon yana nan daram kuma yana bin al'ada, lokaci ya yi da za a sake lale.

Wannan ruɗanin yana da tarihi. An daɗe a littattafan likitanci ana ɗaukar endometiriyosis ciwon fararen mata masu hali da ke jinkirta haihuwa, baƙar mace kuwa idan ta zo da irin alamun sai a ce sanyi ne. Kuskure ne, ciwon ba ya zaɓen launi ko arziki, amma inuwar wannan tunanin ba ta gama gushewa ba.

Ya kuma bambanta da ƙarin mahaifa da ake kira faibiroid, wanda dunƙulen tsoka ne a jikin mahaifa. Akwai ɗan uwansa adinomayosis, inda naman ke nutsewa cikin tsokar mahaifar kanta, ya kawo zubar jini mai yawa. Mace ɗaya tana iya haɗa biyu ko duka ukun.

Me ya sa ake daɗewa ba a gano shi ba?

A ƙasashe da dama, har waɗanda suka ci gaba, mace kan shafe shekara 7 zuwa 10 tsakanin fara jin ciwo da samun sunansa. Kunya na hana faɗa, gida na cewa a daure, alamun suna kama da na ciwon hanji ko na mafitsara, wasu ma'aikatan lafiya kuma ba sa kawo shi a ransu, musamman ga yarinya 'yar shekara 14 ko 15. Alhali da yawa tun al'adarsu ta farko ciwon ya soma. Girman matsalar ya sa Ostireliya ta fitar da tsarin ƙasa na musamman a kansa a 2018, Faransa ta bi sahu a 2022, kuma an keɓe watan Maris don wayar da kai.

Yaya ake gano shi? An yi min hoto an ce ba a ga komai ba.

Hoton da bai nuna komai ba ba ya nufin babu. Ki riƙe wannan da kyau, domin mata da yawa a nan ake sallamar su. Na'urar hoton ciki tana ganin ƙullutun gidan ƙwai, kuma a hannun ƙwararre tana ganin mai zurfi, amma na sama-sama yawanci ba ya fitowa. Hoton da ake yi ta gaba ya fi na kan ciki gani. Ga budurwa ko wadda ba ta amince da shi ba, akwai na kan ciki da hoton MRI. Babu gwajin jinin da ake dogara da shi, har da CA-125, wanda kan hau saboda dalilai barkatai.

Hanyar da ake gani ido da ido ita ce lafaroskofi: a sa mace barci, a yi 'yar ƙaramar kafa a cibiya, a zura kyamara, a ciro ɗan nama a auna. Da can sai an yi wannan ake tabbatarwa. Amma ƙa'idojin da ƙungiyar ƙwararru kan haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar a 2022 sun ce ba dole ba ne a jira tiyata. Idan labarin mace da gwajin likita sun nuna shi ne, ana iya fara magani.

Labarinki shi ne babban gwaji. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubutawa na wata biyu ko uku: ranar da jini ya zo, ranar da ciwo ya fara, inda yake, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, maganin da kika sha, abin da ya hana ki yi. Likita ya fi saurin fahimtar “na rasa aiki kwana uku a watan jiya” a kan “ina ciwon mara”.

An ce nawa mataki na 4 ne. Ya lalace ke nan?

A'a. Matakan nan daga 1 zuwa 4 suna auna yawan naman da mannewar da aka gani ne a tiyata, ba zafin ciwo ba. Wata mai mataki na 1 ba ta iya miƙewa, wata mai na 4 ba ta san tana da shi ba. Kuma ba irin matakan cutar kansa, wato ciwon daji, ba ne.

Yana warkewa?

Har yanzu babu maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya. Amma ana shawo kansa, kuma mata da yawa suna komawa rayuwarsu cikin sauƙi. Kafin a zaɓi hanya akwai tambayar da ke gaba da kowace: kina neman ciki yanzu, ko ciwon kike son a kwantar? Amsar ce ke raba hanya, domin magungunan da suka fi kwantar da ciwon suna hana ɗaukar ciki muddin ana shan su.

Wane maganin ciwo ya fi?

Na rubuta sunayen kamar yadda suke a jikin kwali. Ibuprofen, naproxen da mefenamic acid suna rage sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa. Sun fi aiki idan an fara su kwana ɗaya kafin jini ya zo, ko da alamar farko, a ci gaba a kan lokaci, maimakon a bari sai ciwo ya kai intaha. A sha bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma ta tambayi likita tukuna, kuma kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda. Ana iya ƙara paracetamol. Magunguna masu ƙarfi irin su tramadol da codeine suna kama jiki, ga su da ƙara taurin bayan gida, ba abin dogaro ba ne ga ciwon da ke dawowa duk wata.

Na je da ciwon mara, likita ya rubuta min maganin tazarar haihuwa. Me ya haɗa su?

Wannan na tayar wa mata da iyaye hankali, musamman idan yarinya ce ba ta yi aure ba, har wasu su jefar da takardar. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Naman nan da istirojin yake rayuwa, kuma hawa da saukar sinadaran wata-wata ke hura shi. Waɗannan magunguna suna daidaita sinadaran, su siranta naman, su rage al'ada ko su tsayar da ita. A nan a matsayin magani aka ba ki su.

Akwai ƙwayoyin da suka haɗa sinadari biyu, waɗanda likita kan ce a sha a jere ba hutu don kada al'ada ta zo. Ba su dace da mai tarihin daskarewar jini ba, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta haura 35. Akwai masu sinadarin furojestin kaɗai: ƙwayar dienogest ko norethisterone, allurar wata uku, ashanar da ake sawa a hannu, da robar cikin mahaifa mai sakin magani irin su Mirena, wadda ke aiki shekaru. Sukan kawo ɗigon jini ba a kan lokaci ba a watannin farko, wasu mata kuma su ji nauyin jiki ko canjin yanayin rai.

Idan waɗannan sun gaza, akwai masu sa gidan ƙwai ya yi barci na ɗan lokaci, kamar allurar Zoladex, ko sababbin ƙwayoyi irin su elagolix da Amurka ta amince da shi a 2018. Suna kawo alamun ɗaukewar al'ada, zafin jiki da gumin dare, kuma suna rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ake haɗa su da ɗan sinadarin da ke mayar da gurbi idan za a wuce wata 6.

Abu biyu ke damun mutane. Na farko, ina jinin ke zuwa idan al'ada ta tsaya? Ba ya taruwa ko'ina. Shimfiɗar ce ba ta yi kauri ba, babu abin zubarwa. Na biyu, ko suna kashe haihuwa? Ba sa kashewa. Da an daina jiki ke komawa yadda yake, sai dai allurar wata uku kan ja jinkiri har kusan shekara. A ba kowane magani kamar wata uku kafin a yanke masa hukunci, kuma in ɗaya bai karɓe ki ba, ki koma a canza, kada ki zauna shiru.

Yaushe ake tiyata?

Idan magani ya kasa, ko akwai babban ƙullutu, ko naman ya matse hanji ko bututun fitsari, ko don taimaka wa haihuwa. Ta lafaroskofi ake yi, a yanke naman ko a ƙona shi, a raba abin da ya manne. Mai zurfi aikin ƙwararru ne, wani lokaci sai an haɗa da likitan hanji ko na mafitsara.

A ganina abin da ba a cika gaya wa mata ba shi ne tiyatar farko ita ce mafi muhimmanci, kuma kowace ƙari tana barin nata tabon. Cire ƙullutu daga gidan ƙwai yana rage dawowarsa, amma yana tafiya da wani ɓangare na ƙwan da ke ajiye. Mai son haihuwa nan gaba ta tambaya ƙarara: me wannan aikin zai yi wa ƙwaina? Ciwon kuma yana iya dawowa, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a cikin shekara 5, shi ya sa ake ɗora wadda ba ta neman ciki a kan magani bayan aikin.

Zan haihu kuwa?

Mafi yawan masu endometiriyosis suna haihuwa, da yawa ba tare da wani taimako ba. Gaskiya ne kuma kimanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 suna fuskantar jinkiri, saboda mannewa ta toshe bututu, ko kumburi ya dami ƙwai da maniyyi, ko ƙullutu ya rage ƙwan. Wasu ma zafin saduwa ne ke sa a ƙaurace wa juna a kwanakin da ake ɗaukar ciki.

Magungunan tsayar da al'ada ba sa ƙara damar ciki, don haka mai nema kada ta ɓata watanni a kansu da wannan niyyar. Abin da ke taimakawa shi ne cire naman idan na sama-sama ne, ko maganin ƙarfafa ƙwai tare da zuba maniyyi cikin mahaifa, ko dashen ƙwai idan bututu ya toshe. Shekaru suna da nauyi a nan: wadda ta san tana da ciwon, ko ta haura 35, kada ta wuce wata 6 tana jira. A auna mijin shi ma tun farko, kada a ɗora komai a kan ciwon matar.

An ce in na yi aure ko na haihu zai tafi.

Aure ba ya warkar da shi, wata ma a nan take fara sanin zafin saduwa. Ciki da shayarwa sukan kwantar da alamun saboda al'ada ta tsaya, amma sau da yawa suna dawowa. Bai kamata a tura mace ɗaukar ciki a matsayin magani ba.

To a cire mahaifar a huta mana?

Naman a wajen mahaifa yake, don haka cire ta kaɗai ba tabbas ba ne. Yana amfanar wadda ta gama haihuwa, musamman mai adinomayosis, idan an haɗa da cire duk naman da ke waje. Cire gidan ƙwai kuwa yana jefa mace cikin ɗaukewar al'ada nan take, da illarsa ga ƙashi da zuciya. Shawara ce da ba a komawa baya, ba a yin ta cikin zafin ciwo. Bayan ɗaukewar al'ada ta ɗabi'a ciwon yakan lafa ga mafi yawa.

Yana zama cutar kansa?

Shi ba kansa ba ne. Yana ɗan ƙara haɗarin kansar gidan ƙwai, daga kusan mace 1 cikin 100 zuwa kusan 2 a tsawon rayuwa. Kusan duk masu shi ba za su taɓa samun ta ba.

An yi aiki, ina shan magani, amma ciwon bai tafi ba.

Ciwon da ya daɗe yana canza jiki. Jijiyoyi su saba da aika saƙon zafi har abin da bai kai ya kawo ba ya zama azaba, tsokokin ƙasan mara su ɗaure saboda shekarun da suka yi suna karewa. Wannan ba “a kanki yake” ba, ciwo ne na gaske, sai dai wuƙa ba ta cire shi. Gashin ƙashi na musamman ga tsokokin mara, magungunan ciwon jijiya, motsa jiki a hankali, gyaran barci da ganin masanin halayyar ɗan Adam duk suna da gurbi. Batun abinci kuwa, babu wanda aka tabbatar yana warkarwa, kodayake wasu kan ji sauƙin kumburin ciki idan sun gano abin da ke tayar musu. A yi hattara da masu tallar haɗin “wanke mahaifa” a intanet: babu abin sha da ke wanke naman da ke manne a bayan hanji.

Matata ce ke da shi. Me zan yi?

Ka yarda da ita, wannan ne farko. Idan ta janye jiki lokacin saduwa, zafi ne, ba ƙi ba. Ku yi maganar da rana, ba a kan gado ba, ku gano kwanakin da suka fi sauƙi da kwanciyar da ba ta kai wa wurin ciwon, kuma ta san in ta ce a tsaya za a tsaya. Ka raka ta asibiti, ka ɗauke mata aiki a munanan kwanaki, ka tare mata masu tambayar “har yanzu shiru?” Da yawa daga cikin matan nan suna fama da damuwa da baƙin ciki, kuma rashin yarda daga na kusa yana cikin abin da ke jawo shi.

Yaushe zan garzaya asibiti ba jira?

Idan ciwo ya sare ki farat ɗaya a gefe guda, mai tsanani fiye da wanda kika sani, da amai ko jiri ko suma, domin ƙullutu na iya fashewa ko gidan ƙwai ya murɗe. Haka idan al'ada ta yi jinkiri sannan ga ciwo da ɗigon jini, a yi gwajin ciki nan take, don yana iya zama ciki ne ya zauna a bututu. Sauran su ne zazzaɓi tare da ciwon mara, jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa, kumburin ciki da kasa bayan gida ko fitar da iska, ciwon kwiɓi da raguwar fitsari, da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi a kwanakin al'ada. Ki tafi da littafinki da kwalayen magungunan da kike sha, ki kuma faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa kina da endometiriyosis.